Yadda za ka tsaya gaban juri ka kare memuwar ɗinka kan tafiyar da lakwal

Wanga rubutu na yi shi ne don ƙannena da abokan aiki malaman lakwal na nan Maradi da sunka koma karatu, wasu mastar wasu karatun ansifekta ko konseye, sunka yi bincike kan yadda ake tafiyar da makarantu, yanzu memuwar, wato littafin binciken kammala karatu, ta ƙare saura sutanas, wato tsayawa gaban jurin malamai a kare aikin. Wasunku a ENS, babbar makarantar horon malamai ta Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, kuke, wasu a sashen ilimin koyarwa na jami'ar Tawa, wasu kuma makarantu masu zaman kansu, amma ranar tsayawa gaban juri kusan iri ɗaya ce ko'ina, ko nan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ka shiga kallon sutanas ɗin ƴan noma ko ƴan kimiyya tsarin da za ka gani ke nan. Galibi mutum uku ne zaune a tebur, shugaban juri, da malamin da anka ba aikinka ya bi shi layi-layi, sai daraktan memuwar ɗinka, wato malamin da ya jagoranci aikinka. A ba ka minti 15 zuwa 20 ka yi bayani, su yi maka tambayoyi, a fidda kowa waje su yi shawara, sannan a kira ku kowa shi miƙe tsaye a faɗi maki da mansiyo, wato darajar da aikin ya samu.

Abin da ke ci mini rai shi ne in ga mutum ya sha rana da ƙura bisa moto, ya je ƙauyukan Dakoro ko Mayahi ko Gidan Rumji, ya zauna da direktoci da iyayen yara, ya ga abin da babu wanda ya taɓa rubutawa, amma ranar sutanas sai shi cinye minti 12 wajen ma'anar kalmomi da abin da wane da wane sunka ce cikin littafi, sai shugaban juri ya ɗaga yatsu ya ce saura minti 3 sannan shi bi ta kan sakamakon da gudu, diyapo, wato shafukan da ake haskawa a allo, na wucewa babu mai iya karanta komi. Malaman nan sun riga ka karanta littattafan, wasunsu ma su ke koyar da su. Abin da ba su da shi, kai kaɗai ke da shi cikin ɗakin, shi ne abin da ka gano cikin makarantun da ka zagaya. Ƴar talla ba ta ɓoye kayan kirki ƙasan faranti, sama take jera su. To duk shirinka shi kasance a kan haka.

Tun kafin a sa rana akwai aikin da za ka yi wanda babu mai yi maka. Bayan darakta ya sa hannu ya yarda a aje, ka kai kofi-kofin da sashe ya nema, to ka ɗauki kofi guda naka, wanda lambar shafinshi ta yi daidai da na hannun juri, ka zauna da biro ka karanta shi tun daga bango har bango kamar wani ne ya rubuta. Mutane da yawa ba su yin haka, suna ganin ai ni na rubuta na san komi, alhali babi na farko ya yi wata takwas ko shekara da rubutawa. Ka duba musamman ko alƙaluman da ke cikin tablo sun yi daidai da waɗanda ke cikin bayanin da ke ƙarƙashinshi, don nan ne malamin da anka ba aikinka ke fara sa jan biro, a tablo malamai 48 a rubutu malamai 46, kuma da ya ga ɗaya sai shi daina yarda da saura. Duk sunan marubucin da ka ambata cikin aiki ka tabbata shina cikin jerin littattafai na ƙarshe, wanda ke cikin jerin kuma ka tabbata ka san abin da ya ce. Kurakuran da ka tsinta ka jera su a takarda guda, shafi kaza layi kaza, ga abin da anka rubuta ga daidai, ka buga kofi uku ka miƙa ma juri kafin a fara. Wanga ba ya rage maka daraja ko kaɗan, shina nuna kai mai kula ne. In kuma ka san akwai wurin da ka kwaso daga intanet ko daga memuwar wani ba ka faɗi mai shi ba, ka je ka sami darakta yanzu ku gyara, kada ka bari sai ranar, don wanga kuskure ne da ke iya sa a ɗage sutanas gaba ɗaya.

Rabon lokaci kuwa, in minti 20 anka ba ka, ni ga yadda nike ba da shawara. Gaisuwa da godiya kada su wuce rabin minti, ka gaida shugaban juri da sauran malamai da jama'a, shi ke nan, godiyar iyaye da maigida ko uwargida da abokai tana cikin littafi an gani. Matsalar da tambayar bincike da ipotez, wato hasashen da ka tafi gwadawa, minti 3. Abin da masana sunka ce minti 2, kuma waɗanda ka yi aiki da ra'ayinsu kaɗai. Yadda ka yi binciken minti 3. Sakamako da fassarar shi minti 8 zuwa 9. Abin da ya rage na shawarwari ne da iyakar aikin. In minti 15 ne ka rage ko'ina amma sakamako shi ci gaba da riƙe kusan rabi.

Minti na farko ka sa juri cikin lakwal. Kada ka faro daga 1960 da samun mulkin kai, ko kuma ka ce ilimi shi ne ginshiƙin ci gaban kowace ƙasa, kowa ya ji wanga har ya gaji. A ce bincikenka kan CGDES ne, wato kwamitin tafiyar da lakwal, a wata kwamin ta Madarunfa, da Faransanci za ka faɗa amma ma'anar ta zama kamar haka: kowace lakwal da na je tana da kwamiti a takarda, da shugaba da ma'aji da tsarin aikin shekara, amma cikin wasu ana taro ana tara kuɗɗi ana gyara aji kafin rantire, cikin wasu kuwa direkta shi kaɗai ke ɗauke da komi, tambayata ita ce mi ya raba waɗannan da waɗancan. Ka ga cikin numfashi biyu sun san wurin, sun san matsalar, sun san abin da ka tafi nema. Daga nan sai ipotez ta zo da sauƙi.

Dokoki da tsare-tsaren ƙasa dole ka san su, amma sani don amsa tambaya, ba don karantowa ba. Wanda ya yi aiki kan tafiyar da makarantu a Nijar bai kamata a tambaye shi LOSEN shi tsaya kame-kame ba, doka ce mai lamba 98-12 ta 1 ga watan Yuni 1998 wadda ta shimfiɗa alƙiblar tsarin ilimin ƙasa. Ka san PDDE, tsarin bunƙasa ilimi na shekara goma da ya fara 2003, da PSEF, tsarin ilimi da horo na 2014 zuwa 2024. In batun kwamitocin lakwal ne ka san cewa COGES ake ce musu tun farko, aikin "lakwal don kowa" da Japan ta tallafa ta hanyar hukumarta ta JICA ya fara 2004 a jihar Tawa kafin abin ya game ƙasa, daga baya na firamare sunka koma CGDES. In batun karatun ɗiya mata ne akwai dokar gwamnati ta Disamba 2017 kan kariya da tallafa ma yarinya mai karatu. In batun kontaraktiyel ne, wato malamai ƴan kontara, za a iya tambayarka jarrabawar da anka yi musu 2017 da zancen jinkirin pekil, kuɗɗin da ake biyansu a wata. In batun ingancin karatu ne to PASEC, wato awon ƙoƙarin ɗalibai da ake yi a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, na 2014 da na 2019, Nijar ta shiga duka biyun. In kuwa kan gine-gine da tsara taswirar makarantu ka yi aiki, babu yadda za a yi ɗan Maradi shi yi zancen azuzuwan zana bai tuna gobarar Nuwamba 2021 da ta ci rayukan yara sama da 20 cikin garin nan ba, Allah shi jiƙansu shi ba iyayensu haƙuri, kuma ka san matakin da anka ɗauka bayanta na hana ajin zana ga ƙananan yara ƴan jardan. Duk waɗannan ka zaɓi ɗaya ko biyu da sunka shafi aikinka kai tsaye ka sa a diyapo guda, saura ka riƙe a ka.

Wajen bayanin yadda ka yi bincike ne juri ke gane ko da ƙafarka ka je ko a ɗaki ka cika takardun. Ka faɗi lakwal nawa, ina da ina, kuma don mi su ba wasu ba. In gaskiyar ita ce ka zaɓi waɗanda moto ke iya kaiwa da damina, ko waɗanda ansifeksiyo ta nuna maka, ka faɗi haka nan, ka ƙara da cewa ka san abin da wanga zaɓi ke iya jawowa ga sakamako. Ya fi ka ce zaɓin kan mai uwa da wabi ka yi alhali duka makarantun suna bakin kwalta, don akwai mai tambayarka yadda ka yi ƙuri'ar. Ka ambaci takardar izini da ka samu daga hukumar ilimi ta jiha ko ansifeksiyo. Ka faɗi watan da ka je, don lakwal ta Oktoba lokacin da ake girbin hatsi da cirar gyaɗa yara na gona ba ɗaya take da lakwal ta Fabrairu ba, haka ranar kasuwar ƙauye ba ɗaya take da sauran ranaku ba. Sannan abu biyu da na ga ɗalibai na mantawa kuma suna da nauyi ƙwarai a fanninmu. Na farko, wa ke wurin lokacin da kake tambayar malamai? Malamin da ke kontara ba zai faɗi ra'ayinshi kan shugabancin direkta ba in direktan na zaune gefe, ko kuma in ta hannun direkta za a maido kesiyoner ɗin. Kai ma in kai konseye ne ko kana shirin zama ansifekta, malamai na kallonka a matsayin na sama, ka gaya ma juri abin da ka yi don su saki jiki. Na biyu harshe. Hirar da ka yi da iyaye da mai gari da matan AME, ƙungiyar uwayen ɗalibai, da Hausa ka yi ta, wani wurin kamar yankin Bermo ma sai da tafinta na Fulatanci ko Tamajak, sannan ka maida Faransanci. Ka faɗi wa ya fassara, ko ka ɗauki murya a salula, ko a take kake rubutawa. In kai namiji ne ka faɗi yadda ka yi ka ji ta bakin mata, ko wata malama ce ta raka ka.

Batun kashi cikin ɗari ina so in ɗan tsaya a kai. A ce direkta 10 ka tambaya, 7 sunka ce ba su taɓa samun horo kan aikin direkta ba. Ka ce 7 cikin 10. Kada ka rubuta kashi 70 cikin ɗari na direktoci da manyan baƙaƙe kamar ka ƙidaya jihar Maradi baki ɗaya, don mutum ɗaya in ya canza amsa kashi 10 ya tafi. Kowane tablo ka sa adadin mutanen da sunka amsa a ƙasanshi. Alƙaluman da ba naka ba kuma, na INS ne, wato hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ko na kundin ƙididdigar ma'aikatar ilimi, ka sa shekara da inda ka samo. Kuma don Allah ka bambance adadin shiga lakwal na jimla da na zahiri kafin ka shiga ɗakin, na jimla shi ne duk yaran da ke rajista komi shekarunsu a raba da yawan yaran da ke cikin shekarun firamare, shi ya sa shina iya wuce 100, na zahiri kuwa waɗanda ke cikin shekarun kaɗai ake ƙidayawa. Tambaya ce mai sauƙi da ake yawan yi, kuma rashin amsa ta na ɓata ma mutum aiki mai kyau.

Sakamako kada ka kwashe duka tablo 30 na memuwar ka zuba. Ka ɗauki ipotez ɗinka ɗaya bayan ɗaya, kowace ka kawo mata hujja biyu ko uku mafi ƙarfi, ka ce ta tabbata, ko ta tabbata rabi, ko ba ta tabbata ba. Ipotez da ba ta tabbata ba ba faɗuwa ba ce, sau da yawa ma nan ne daɗin aikin yake, ka tafi da tunanin rashin kuɗɗi ne ke kashe kwamiti sai ka tarar ƙauyen da ya fi talauci ya fi yin taro saboda ma'ajinsu na karanta lissafi gaban jama'a, to wanga shi za ka daɗe a kai, ka faɗi yadda ka gane, ka faɗi abin da kake ganin ya jawo. Kan kowane diyapo ka rubuta abin da tablon ke cewa a jimla guda, ba "tablo na 14" kawai ba. Ka kwatanta abin da takarda ta ce da abin da ido ya gani in kana da shi, rajistan kiran suna ya ce yara kaza ne a CM1, ranar da ka shiga ka ƙidaya kai ka sami kaza, yara huɗu-huɗu bisa tabulban guda wasu ƙasa bisa tabarma. Irin wanga ne ke sa malamin da ke duba takardunshi shi ɗago kai. Maganar mutum ɗaya da ka yi hira da shi, wadda ta tattara matsalar, ka sa ta yadda ya faɗe ta, amma ba suna, ka ce wani direkta mai shekara kaza a aiki, ko wata uwa ƴar AME. Sunan lakwal ma in abin da ka gano na iya jawo ma wani tuhuma, kamar zancen kuɗɗin kotizasiyo ko rashin zuwan malami, ka sa lakwal A da lakwal B. Mutanen nan sun amince da kai sunka buɗe maka rajista da cikinsu, kuma cikin masu kallo ana iya samun wanda ya san su. Hoton yara kuma kada fuska ta fito sai da izini.

Ka kiyaye da cewa wanga ne ya haddasa wancan. In ka ga makarantun da ke da kantin sun fi riƙe yara, abin da ka gani shi ne abubuwan biyu na tafiya tare, mai yiwuwa kuma waɗannan makarantun ne ƙungiyoyi sunka fi taimaka ma ta wasu hanyoyi. Ka faɗi haka da bakinka kafin a faɗa maka.

Shawarwari, nan ne nike ganin ƴan fanninmu sun fi sakaci alhali nan ne amfanin karatun namu yake. Kusan kowace memuwar sai ka ga gwamnati ta gina azuzuwa, gwamnati ta ɗauki malamai, a wayar da kan iyaye. Wanga ko ba ka yi bincike ba kana iya faɗin shi a fada wajen shan shayi. Kai da za ka riƙe ansifeksiyo ko sashen tsare-tsare gobe, shawararka ta amsa tambaya huɗu, wa zai yi, mi zai yi, yaushe, da wane kuɗɗi. Misali ka ce konseye shi sa batun riƙe littafin kuɗɗi cikin zaman CAPED, wato taron ƙara wa juna sani na malamai, na zangon farko, direktoci su zo da ma'ajin kwamitinsu, abin da ba ya buƙatar sabon kasafi. Ko ka ce meri da haɗakar kwamitocin kwamin su fidda jerin makarantun da ke da ajin zana tun watan Agusta don a san inda za a fara. Ko direkta shi riƙa liƙa lissafin shiga da fita a bangon ofis bayan kowane babban taro. Kowace shawara ta fito daga wani sakamako da ka nuna minti biyar da sunka wuce, in ba ta da uwa cikin sakamakon ka cire ta komi kyanta. Huɗu ko biyar masu kama ƙasa sun isa. Iyakar aikin kuma ka faɗe ta da kanka a taƙaice, makarantu kaɗan ne, kwamin guda ce, lokaci guda na shekara ne, ga abin da na gaba zai iya dubawa.

Diyapo 12 zuwa 15 sun wadatar ga minti 20. Baƙin rubutu bisa farin fage, manyan baƙaƙe, layi biyar ko shida, don ɗakunanmu haske na shigowa ta taga kuma sau da yawa bango ne allon. Ka bar rubutu mai tsalle-tsalle da juyawa da PowerPoint ke da su. Ka sa lamba a kowane diyapo don malami shi iya cewa koma na 9.

Wuta kuma kowa ya san halinta, balle watan Afrilu da Mayu lokacin zafi. Ka caja ordinater ya cika, ka sa aikin a kile USB biyu, guda PowerPoint guda PDF, ka tura ma kanka ta WhatsApp ko imel. Ka buga diyapo ɗin a takarda, kofi uku na juri ɗaya naka, in wuta ta ɗauke sai ka ce malamai mu duba shafi na 3 na takardar hannunku, ka ci gaba ba tare da tsayawa jiran gurup ba. Ka je ɗakin kwana guda kafin ranar ka gwada furojekta da naka ordinater, don wani HDMI ne wani VGA, in bakin bai yi daidai ba ka nemi mahaɗi tun da sauran lokaci, ka zo da ralonji taka. Wanda zai taso daga Maradi zuwa Yamai ko Tawa kada shi hau bis ranar jajibiri, shi ba kanshi kwana biyu, tafiyar Yamai wuni guda ce cur kuma jiki na buƙatar hutu. Wanda zai danna maka diyapo in ba kai za ka yi ba ku yi gwaji tare.

Gwajin nan kada ka yi wasa da shi. A tsaye, da murya sama, da agogon salula na tafiya, ba cikin zuci kana kwance ba. Ka tara abokan karatu biyu ko uku su zama juri, ka roƙe su kada su ji nauyinka. In da hali ka sami wani tsohon direkta ko ansifekta mai ritaya cikin unguwa, ko Zariya kake ko Bagalam ko Ali Ɗan Sofo ba a rasa su, ka yi mishi bayanin aikin da Hausa cikin minti biyar, in ya gane kuma ya ce haka abin yake a fili to ka riƙe zaren, in ya ce ɗana wanga shawara ba ta yiwuwa saboda kaza, ka gode mishi ka koma ka duba. Ka haddace jimlolin farko da na ƙarshe kaɗai, tsakiya ka riƙe ƴar takarda mai kanun magana. Wanda ya haddace duka in kalma ɗaya ta ɓace mishi sai komi shi tsaya, wanda ke karanta allo kuma ya juya ma juri baya.

Mu nan an tarbiyyantar da mu kada mu kalli babba cikin ido, kada mu ɗaga murya gabanshi, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma a ɗakin sutanas sunkuyar da kai da magana ƙasa-ƙasa ana ɗaukar su rashin tabbas da aiki. Ladabi shina cikin gaisuwarka da kalamanka da yadda kake saurare, murya kuwa ka fidda ta kamar kana gaban ajinka, ai kai malami ne ka saba da yara 80. Ƙannena mata wanga ya fi shafarku, malama kin je ƙauyukan nan da kanki, kinka bar ɗiya gida, kinka yi aikin, to ki yi magana na bayan ɗaki shi ji. Tufafi masu tsabta da sauƙi waɗanda ba za su dame ki da gyara ba kina bayani. Ƴan rakiya kuma a gaya musu tun gida su kashe ƙarar salula, masu jarirai su zauna kusa da ƙofa, guɗa da tafi sai an faɗi sakamako.

Da ka gama juri za su karɓa ɗaya bayan ɗaya, kuma wani malami shina iya jero maka gyara da tambayoyi goma a tashi ɗaya. Biro da takarda na hannunka, ka rubuta duka, kada ka katse shi ko da ka ga bai fahimce ka ba. Ka raba su gida biyu, gyara da tambaya. Gyaran rubutu da tsari ba a gardama a kai, ka ce na gode malam, za a gyara. Tambaya kuwa ka amsa ta kai tsaye, amsar farko sannan dalili, in akwai shafin da ke ɗauke da hujja ka faɗi lambarshi. In ba ka ji tambayar da kyau ba ka roƙa a maimaita. Abin da bincikenka bai taɓa ba ka ce wanga ban duba shi ba cikin aikin nan, amma bisa abin da na gani a fili ga tunanina, ka tsaya nan, kada ka ƙirƙiro adadi. In malami ya soki abin da ka tabbata kana da hujja a kai kada ka janye don kunya, ka ce na fahimci maganarku malam, abin da ya sa na tsaya kan haka shi ne kaza da kaza a shafi kaza. Juri na son ganin haka in an yi shi cikin ladabi. Abu biyu dai kada su fito bakinka, darakta ne ya ce in yi haka, da kuma lokaci ne bai ishe ni ba a matsayin amsar kowace tambaya. Kada kuma ka riƙa waiwayen darakta kana neman ceto, shi zai yi magana in lokacinshi ya zo. Tambayoyin da kusan ba su fashi ka shirya su tun gida: don mi wanga batu, don mi wanga yanki, mi aikinka ya ƙara kan na waɗanda sunka gabace ka, in an naɗa ka ansifekta a wurin gobe da wace shawara za ka fara.

Bayan an faɗi mansiyo an yi hotuna, takardar da ka rubuta gyare-gyare kada ta ɓace cikin hidimar walima, don ana ba da wa'adi na aje kofin da anka gyara kuma wurare da yawa ba su ba da takardar shaida sai an aje shi. Ka zauna cikin satin ka gama tun abin na kanka, ka kai ma darakta shi duba shi sa hannu. Walimar ma a yi daidai ƙarfi, bugu da ɗaurin kofi-kofi na ƙarshe na nan na jiran jikkunanka.

Sannan ka koma wurin waɗanda sunka ba ka bayanan. Ka kai kofi guda ansifeksiyon da ta ba ka izini, ka fidda taƙaitawa shafi biyu da direktoci za su iya karantawa, ka nemi a ba ka minti 20 a zaman CAPED ko babban taron kwamiti ka yi musu bayani da Hausa, ga abin da na tambaye ku, ga abin da na samu, ga abin da nike ganin za ku iya farawa da shi bana. Ka tafi da shirin jin gyara daga gare su su ma, ka rubuta shi, zai yi maka amfani in ka yi niyyar ci gaba zuwa dakta ko fidda maƙala daga aikin.